Akwatuna Tara da Aka Ce Juwairiyya Ta Ƙona

Juwairiyya Mammadu ba mace ce mai daɗin sha'ani ba, ita ma ba ta taɓa cewa haka take ba. Doguwa ce, siririya, idan mutum yana mata magana sai ta kafe shi da ido har ya fara gyara zancensa tun bai kai ƙarshe ba. A wata ruga bayan Buji aka haife ta, lokacin da mahaifinta ya gaji da yawon kiwo ya kafa gida ya kama noma. Ita ce ta fari, shi ya sa har gobe mahaifiyarta ba ta kama sunanta, sai dai ta ce "'yar nan". Wani kawunta malamin firamare ne ya ja ta makaranta, daga nan ba ta tsaya ba sai da ta gama karatun kwamfuta a Dutse. Ta yi aure, ta haifi biyu. Mijinta yana koyarwa a Kiyawa, mutum ne mai shiru, ko gishiri ya zarce a miya ba zai faɗa ba. Maganar gidan duka ita ke yi.

Aikinta ba sihiri ba ne, ko da yake mutane sun fi so su ɗauka haka. Akwai wani akwatin ƙarfe da bai wuce girman rajistar makaranta ba, mai ramuka takwas a gaba, ana kiransa suwic. Shi ke haɗa kwamfutocin wuri ɗaya, ya karɓi saƙo daga wannan waya ya miƙa wa waccan. A cikinsa akwai wani ɗan baƙin abu mai faɗin farcen babban yatsa, masu gyara suna ce masa aisi, shi ke yin aikin duka. Sai dai aisi ba ya motsi sai an rubuta masa umarni da irin yaren da yake ji: buɗe wannan rami, kunna waccan fitila, idan ka ji zafi ya yi yawa ka sassauta. Wannan rubutun umarni shi ake kira direba, kuma shi Juwairiyya ke rubutawa. A duk Dutse waɗanda suka iya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Shekara huɗu tana wa Alhaji Maharazu aiki. Ɗan kwangila ne. Ya yi kwalbati, ya yi rijiyar burtsatse, ya yi kujerun makaranta, sai ga shi wata shekara ya samu aikin haɗa ƙananan asibitocin karkara guda ashirin da huɗu da Dutse, domin sakamakon gwaji da buƙatar magani su riƙa isowa ta waya maimakon a ba ɗan acaɓa takarda. Alhaji bai san suwic daga kwalin ashana ba, wannan kuma ba laifi ba ne. Laifinsa shi ne bai yarda akwai abin da bai sani ba.

Akwatunan kashi biyu suka zo. Sha biyu na farko sun yi kusan shekara a sito kafin a sa hannu a kan aikin, sannan sha biyu suka biyo baya. Suna ɗaya, kama ɗaya, lamba ɗaya. Amma a tsakanin nan masu ƙera su sun canza aisin ciki, suka yi sabon zubi, ba su canza masa suna ba. Idan ka tambayi tsohon zubi lambarsa, ka tambayi sabo, amsa ɗaya za su ba ka. Alamar da aka bari kawai ita ce wani shuɗin ɗigo da aka manna a murfin sababbin. Bambancin kuwa ba na wasa ba ne. Gurbin da ake rubuta wa tsohon aisi umarnin fitilu, a sabon nan ne mai gadin zafi yake. Ka aika wa sabo umarnin tsoho, ka kashe masa mai gadi ke nan, zai yi ta aiki har ya dafe kansa.

Juwairiyya ta san da wannan, domin an rubuta shi a 'yar takardar da ta zo da kayan. Abin da ba ta sani ba shi ne yadda za a bambance su ba tare da ɗigo ba. Wannan yana cikin babban littafin aisin, wanda masu ƙerawa ba sa bayarwa sai shugaban kamfani ya sa hannu cewa ba zai yaɗa ba. Sau uku tana kai wa Alhaji takardar.

"Turanci shafi ashirin?" ya ce a karo na uku, yana kaɗa ta kamar mafici. "In sa hannu in sayar da gidana ban sani ba? Ba ɗigo suka sa miki ba? Ki bi ɗigo mana. Kuma kar in ji an buɗe mini akwati ko ɗaya, akwai garanti."

Ta bi ɗigo. Ta rubuta direba biyu, ta ɗora wa masu ɗigo na sabon zubi, marasa ɗigo na tsoho. Aka rarraba su asibitoci da sanyi, komai ya tafi daidai. Wasu ma'aikatan jinya sun ce fitilun akwatinsu ba sa ƙiftawa kamar na maƙwabta, ta ce musu fitila ba ita ke aiki ba, su bar ta ta ji da abin da ke gabanta.

Sai bazara ta shigo. Akwati na farko ya mutu a wani ƙauye kusa da Kiyawa, ranar da ko kaji suka buɗe baki suna haki a inuwa. Bayan kwana huɗu wani ya bi. Cikin sati biyar tara suka tafi, dukansu marasa ɗigo. Asibitoci tara suka koma takarda da ɗan acaɓa.

Ba a ofis ta ji labarin wasiƙar ba, a kasuwa ta ji, tana zaɓar tumatir. Wata da suka yi makaranta tare ta dafa ta, ta ce, "Ashe ke ce kika ƙona na'urorin asibiti? Allah ya kyauta." Alhaji ya rubuta wa hukumar da ta ba shi aikin cewa rubutun ma'aikaciyarsa ne ya lalata kayan, ya sa sunanta da na mahaifinta, har an sa ranar Alhamis kwamiti zai zauna.

Dutse ba babban gari ba ne. Masu ba da aikin kwamfuta duka sun san juna, ɗaurin aure ɗaya suke zuwa. Idan wannan wasiƙa ta zauna a fayil, ko injin buga takarda ba wanda zai ƙara bari ta taɓa. Ta bar tumatirin a tire ta hau Keke.

Ta samu Alhaji a ofis ranar Litinin da safe, yana cin ƙosai a kan jarida.

"Alhaji, an ce ka rubuta wa hukuma sunana."

"Yau ba gaisuwa?"

"Ina kwana. An ce ka rubuta sunana."

"To sunan wa zan rubuta? Nawa? Ni na iya wannan rubutun tsutsa naku?" Ya share hannu da gefen jaridar. "Kafin ki taɓa su lafiyarsu ƙalau. Kin taɓa, sun mutu. Wannan ai ba sai an kira malami ba."

"Wa ya bincika?"

"Bincike na me?"

"Sau uku na kawo maka takarda ka sa hannu, ka yi fifita da ita."

"Kin gani? Bakin nan shi zai kai ki ya baro ki. Ni fa taimakonki na yi. Wa zai ɗauko 'yar ruga ya ba ta tebur da fanka? Saurara. Ranar Alhamis ki zo ki ce kuskure ne, ki ba da haƙuri. Mace ce ke, in kin sunkuyar da kai za su tausaya. Ni kuma in sa baki, a wuce wajen."

"Ba tausayi nake nema ba."

"To me kike nema?"

"Mukullin sito."

"Na ce ba a buɗe mini akwati!"

Ta fita ta bar masa ƙofa a buɗe.

Mukullin sito a wajen Baba Jaji yake. Tsoho ne mai gadi, tun zamanin mahaifin Alhaji yake gidan, shi ke buɗe ƙofa, shi ke shara, shi ke gyara duk abin da ya kwance. Yana son Juwairiyya, domin ita kaɗai ce ke tsayawa ta tambayi ƙafarsa mai ciwo. "Injiniya" yake ce mata, rabi da gaske rabi da tsokana.

"Baba, buɗe mini sito."

"Alhaji ya sani?"

"Ya san na tambaya."

Tsohon ya yi dariya ya laluba aljihu.

Matattun akwatunan tara suna jere a ƙasa, warin ƙonewa bai gama barinsu ba. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi domin ta yaga tambarin garanti, sai ta ga an riga ta. Takardar a yage take, kawunan notunan kuma duk an ci su. Ta duba na biyu, haka. Na uku, haka. Ta kwance murfin. A gefen koren fanel ɗin ciki akwai kwanan watan da aka ƙera shi da ƙananan haruffa. Shekarar da ta biyo baya ce. Kashi na biyu ne, sabon zubi, a ƙarƙashin murfin da ba ɗigo. Ta buɗe tara ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya saɓa.

"Baba, wa ya taɓa buɗe waɗannan?"

"Ni mana." Ya faɗa da ƙirji a buɗe, kamar wanda ake shirin yaba masa. "Lokacin bikin ƙaddamarwa, kina Buji zaman makokin mahaifinki, Allah ya jiƙansa. Ba kin bar tsofaffin nan sha biyu kin kafe su a allo kin shirya musu wayoyi don baƙi su gani ba? To Alhaji ya zo ya ga murafansu duk tsatsa da ƙarzuwa, ruwan sama ya ɗiga musu a sito. Ya ce manyan baƙi za su zo da masu hoto, a nuna musu wannan ƙazanta? Ya ce in ciro masu ƙyalli na cikin kwali in ɗaura a nan, waɗannan kuma in mayar can. Noti huɗu-huɗu, Injiniya, ko ɗaya ban ɓatar ba. Hoton ma ya yi kyau, yana ofis."

Juwairiyya ta zauna a kan wani kwali. Wato asibitoci tara sun tsaya, ana neman a binne sunanta da rai, don hoto ya yi kyau. Ta ji kamar ta ɗauki akwatin ta je ta ajiye masa a kan ƙosansa.

Amma da ta ɗan lafa, sai fushin ya juyo kanta. Tana 'yar shekara tara ta taɓa koro maraƙin maƙwabta har gida don ta ga igiyarsu a wuyansa, yara ne suka sauya da wasa. Mahaifinta bai dake ta ba. Ya kama hannunta ya ɗora a kunnen maraƙin, ya sa ta shafa tsagar, sannan ya sa ta mayar da shi ita kaɗai a gaban mutane. Ga ta da girmanta da takardar shaidarta, ta sake yin abin nan. Har ma'aikatan jinya sun gaya mata fitilu ba sa ƙiftawa, tsofaffin aisi ne ke karɓar umarnin da ba nasu ba, ta ce su bar ta.

Sai ta tuna abin da ya fi gaggawa. Marasa ɗigo sha biyu ne, tara suka mutu. Uku suna can suna aiki ba mai gadi, ga rana tana take. Ta kira asibitocin uku ta ce a zare musu wuta yanzu, ba anjima ba, kar a mayar sai ta kira.

Talata da sassafe, kafin zafi ya taso, ta sa aka kunna su. Daga teburinta tana iya shiga duk akwatunan da ke raye, goma sha biyar. Tunda an hana ta littafi, sai ta bi doguwar hanya. Ta karanto duk gurbin da ke cikin kowane aisi, ɗaruruwa, ta jera su layi-layi tana kwatantawa. Aiki ne irin na tsince tsakuwa a shinkafa. Wajen la'asar ta same shi: gurbi ɗaya, can ƙasa, wanda a akwatuna sha biyu masu ɗigo fanko ne, a ukun nan kuwa akwai lamba a ciki. Ta sake karantawa sau goma, amsar ba ta canza ba.

Nan take ta haɗe direbobin biyu suka zama ɗaya. Ta sa masa ƙa'ida a farkonsa: kafin ya aika umarni ko ɗaya, ya leƙa gurbin nan. Idan fanko ne, tsohon zubi ne. Idan ga lambar, sabo ne. Idan ya ga wani abu dabam, kada ya taɓa komai, ya rubuta cewa bai san wannan ba. Layukan ba su kai talatin ba. Da an ba ta littafin da ta nema, aikin rabin sa'a ne tun bara.

Laraba ta hau mota zuwa Aujara ɗauko ɗaya daga cikin ukun. Sista Iyatu ce ke riƙe da asibitin, dattijuwa mai faɗi, shekararta ashirin a wajen. Ta ajiye akwatin a ɗakin firjin rigakafi, ƙarƙashin fanka, a ginin da darbejiya ta lulluɓe.

"Ni dai na taɓa shi na ji kamar kaskon tuya," in ji ta, "na ce wannan ko ɗan mutum ne ai sai a kai shi inuwa. Yanzu kuma ɗauke mini za ki yi?"

"Kwana biyu, Sista. Shaida zai ba da."

"Ki dawo mini da shi da ransa. In kin ƙona, har gida zan biyo ki."

"Ke ma kin ji labarin?"

"Wa bai ji ba, 'yar nan?"

Kwamitin mutum uku ne, shugabansu Injiniya Abdurrahman, mai furfura da tabarau, ba ya son doguwar magana. A ofishin Alhaji aka zauna, an kawo lemo da nama. Alhaji ya sha babbar riga, ya yi jawabi a kan yadda yake taimakon matasa, da yadda yarinyar nan ba da gangan ta yi ba, yana roƙon a yi mata sassauci.

"Malama Juwairiyya, kina da magana?" in ji Injiniya.

Ta ture kwalaben lemon gefe, ta ɗora mataccen akwati ɗaya, da na Aujara, da laftof ɗinta. Ta zaro sukundireba daga jaka.

"Garanti!" Alhaji ya miƙe. "An hana buɗewa!"

"Alhaji, zauna. Buɗe, Malama."

Ta nuna musu tambarin da ta tarar a yage, da murfin da ba ɗigo, da kwanan watan da ke ciki. Sannan ta kunna na Aujara ta juya musu laftof ɗin. Murfi ya ce tsoho, aisi ya amsa da kansa cewa sabo ne. Ta shiga ɗaya daga cikin masu ɗigo da ke can ƙauye, shi kuma ya amsa tsoho. Injiniya ya cire tabarau, ya matso, ya sa ta maimaita. Ya karɓi sukundireban ya buɗe wani mataccen da hannunsa.

"An sauya murafan," ya ce. "Wa ya sauya?"

Juwairiyya ta kalli hoton bikin da ke rataye a bango, akwatuna sha biyu suna ƙyalli, Alhaji a tsakiya riƙe da almakashi. Ta buɗe baki, amma Alhaji ya riga ta.

"Jaji! A kira mini Jaji."

Tsohon ya shigo yana jan ƙafa, ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, kai ka sauya murafan akwatunan nan?" Injiniya ya tambaya.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Wa ya sa ka?"

Baba Jaji ya kalli takalman Alhaji, ya daɗe yana kallonsu.

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Na ga sun yi datti ne. Karambanina ne."

"Kun ji ko?" Alhaji ya tafa hannu. "Tsufa! Kullum ina faɗa masa ya bar taɓa abin da bai sani ba."

"Baba!" Muryar Juwairiyya ta cika ɗakin. "Ba haka ka faɗa mini ba ranar Litinin. Ka ce Alhaji ne ya sa ka saboda masu hoto."

Tsohon bai ɗago ba. "Ni ban faɗa miki komai ba, 'yata."

Duk wanda ke ɗakin ya san inda gaskiya take. Mai gadi ba ya yaga tambarin kayan ubangidansa har ashirin da huɗu don ya ga datti. Injiniya ya kalli hoton, ya kalli Alhaji, ya mayar da tabaransa. Ya ce kwamiti ya gamsu cewa rubutun ba shi da laifi, kuskuren wani ƙaramin ma'aikaci ne, a sauya akwatunan tara, a ɗora sabon direba a kan duka. Ya fara tattara takardunsa.

"Ranka ya daɗe, saura wasiƙar," in ji Juwairiyya.

"Ai an wuce wajen, Malama."

"Ba a wuce ba. Tana fayil da sunana da na mahaifina. A rubuce aka ɓata ni, a rubuce za a janye."

"Ke!" Alhaji ya daka mata tsawa. "A gaban baƙi?"

"A gabansu ka roƙa mini sassauci, Alhaji. Ba zan tashi daga kujerar nan ba."

Ba ta tashi ba kuwa. Aka yi ta ba ta baki, ɗaya daga cikin 'yan kwamitin har yana cewa ta duba girman mutum. Ta naɗe hannu ta kafe Injiniya da ido. Daga ƙarshe ya ja numfashi, ya yago takarda, ya rubuta layi uku da hannunsa, ya tura wa Alhaji da biro. Alhaji ya sa hannu har biron ya huda takardar.

Washegari ta mayar wa Sista Iyatu akwatinta da ransa. Ta ɗora sabon direban a kan sauran, fitilun da ba sa ƙiftawa suka fara ƙiftawa. Babu akwatin da ya ƙara mutuwa a bazarar nan. Ƙarshen wata Alhaji ya aiko mata cewa ana gyaran tsarin ofis, ba a buƙatar teburinta.

Baba Jaji kuwa ba a kore shi ba. Me za a kore shi a kai? Ya yi abin da ake so. Ranar da ta zo kwashe kayanta yana zaune a bakin ƙofa, ta gaishe shi, ya juyar da kai.

"Baba, ni ce ya kamata in yi fushi."

"Ke kika sani."

"Ka ƙaryata ni a gaban mutane."

"Ke kuma kika nemi in tuɓe ubangidana a gaban baƙi. Shekara talatin da ɗaya ina cin abincin gidan nan. Na ɗauka ni da ke muke hira a sito, ashe kotu nake." Ya gyara zaman ƙafarsa mai ciwo. "Kin samu takardarki, ki tafi da ita."

Ta so ta ce masa da ta yi shiru ita za a binne. Ta ga ya sani, bai kuma dame shi ba. Ta ɗauki kwalinta ta wuce.

Yanzu tana da ɗan shago a hanyar Kiyawa, tebur ɗaya da benci. Takardar nan mai layi uku ta yi mata kwafi, tana yawo da ɗaya a jaka. Ba wanda ya ƙara cewa ta ƙona na'ura. Wani abin suke cewa. Kwanan baya ta je neman aikin haɗa kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta, shugaban ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Ke ce ta wajen Alhaji Maharazu?" Ta ciro takardar ta ajiye masa. Ko taɓa ta bai yi ba.

"Ba maganar na'ura nake ba, an ce kin iya aiki. An ce kin titsiye dattijo biyu a gaban baƙi, ba kara ba kunya. Mu nan tarbiyya muke koyarwa."

Ta naɗe takardarta ta mayar jaka. Aka ba wani yaron abokinsa aikin. Bayan wata biyu kwamfutocin suka daina ganin juna, shugaban ya aiko direban motarsa shagonta da akwatin suwic ɗin makarantar a cikin buhu, da saƙon cewa ta duba, amma kada ta ce daga ina yake. Ta ce a mayar masa. In yana so a gyara, ya kawo da kansa, da rana, ya shigo ta ƙofar gaba.